Dorugu, Yaron Damagaram Da Ya Ratsa Zamfara Har Ya Kai Ingila

A cikin watan Maris na shekarar 1853 wani ayari ya taso daga Katsina ya nufi Sakkwato ta ƙasar Zamfara. Babban mutumin tafiyar shi ne Galadiman Sakkwato, wanda ya zo karɓar gaisuwar Sarkin Musulmi, yana kan hanyarsa ta komawa gida. A cikin ayarin kuma akwai wani Bajamushe mai suna Dokta Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka fi sani da Abdulkarim. Duk ɗan makarantar da ya karanta tarihi ya ji sunan wannan Bature. Amma a cikin barorinsa akwai wani yaro Bahaushe ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali kuwa shi ne ya bar wa Hausawa labarin tafiya da na zaman ƙauye wanda ke cikin mafiya daɗewa da aka rubuta da harshensu. Sunansa Dorugu.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1839 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jumhuriyar Nijar ta yanzu. Mahaifinsa makaɗi ne, yana kuma ɗan taɓa noma kamar kowane magidanci na karkara. Yaron ya tashi cikin abin da kowane ɗan ƙauye ya sani, watau gona da damina, ga kuma fargabar mahara wadda ba ta barin mutum ya yi barci da ido biyu rufe. A zamanin nan Damagaram tana bin Barno, kuma kamun bayi hanya ce ta biyan haraji da cika baitulmali. Dorugu bai wuce shekara goma sha biyu ba aka kama shi a wani hari, aka raba shi da danginsa, aka kai shi Zinder, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno, inda ya faɗa hannun wani Balarabe.

A Kukawa ne Allah ya haɗa shi da Turawa. Gwamnatin Ingila ta aiko mutum uku daga Tarabulus a 1850 don su binciki ƙasashen Sudan, watau James Richardson da Barth da Adolf Overweg. Richardson ya mutu a 1851 kafin ya isa Kukawa. Overweg, wanda ake kira Tabib, shi ne ya ɗauki Dorugu aikin kula da raƙuma, daga baya ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamarge mai suna Abbega. A watan Satumba na 1852 Tabib ya mutu a bakin tafkin Cadi, yaran biyu suka koma hannun Abdulkarim. Cikin watan Nuwamba suka bar Kukawa suka nufi yamma, suka bi ta Zinder, garin da aka shigo da Dorugu a matsayin bawa, sa'an nan Katsina.

Hanyar da ke tsakanin Katsina da Sakkwato a wancan lokaci ba a binta sai da taro. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi ba su daina kawo hari ba tun bayan jihadi, saboda haka kowane gari yana cikin ganuwa, manomi kuma ba ya nisa da ƙofa. Abin da ya sa Barth ya jira Galadima ke nan. Suka bi ta Bunka da Zurmi, suka zo Badarawa wadda ke kusa da Shinkafi da Jangeru a yau, sa'an nan Isa. Barth ya rubuta cewa Zurmi babban gari ne, amma sarkinta ba shi da ikon da yake da shi bisa Zamfara sa'ad da Kyaftin Clapperton ya wuce a 1824, domin Sakkwato ta ga ya fi mata sauƙi kowane gari mai ganuwa ya riƙa binta kai tsaye. A Badarawa kuwa kasuwa ce ta ba shi mamaki, saboda yawan jama'a da tarin auduga da albasa, ga shi kuwa ƙasa ce ta yaƙi. Wanda ya san yadda mutanen wannan yanki suka ci gaba da cin kasuwa da noman fadama a cikin masifar 'yan bindiga da ta taso musu tun wajen 2011, ba zai yi mamaki irin na Barth ba.

Aikin bara a irin wannan tafiya a bayyane yake. Shi ne mai ɗaurin kaya da asuba, shi ne mai ɗiban ruwa da neman itace, shi ake aike kasuwa, shi ne kuma ke jin abin da mutane ke faɗi in ubangidansa ya juya baya. Daga Isa suka shiga dajin Gundumi, inda babu gari babu rijiya sai tsoron Gobirawa, suka yi tafiyar awa 26 ba su sauka ba, a tsakiyar zafin bazara. Da suka fito sai suka tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu yana shirin fita yaƙi. Ya karɓe su da kyau, suka wuce Wurno suka jira dawowarsa.

Daga nan sai Gwandu, sai Sayi inda suka ƙetare Kwara, har suka shiga Tambutu ran 7 ga watan Satumba 1853. A nan Dorugu ya ga irin kwarjinin da sunan Turkawa yake da shi a ƙasashen Musulmi, ko da a inda ba a taɓa ganin Baturke ba. Da farko mutanen gari sun ɗauka baƙon manzo ne na Sarkin Santambul, wannan zato kuwa ya taimaka masa ya shiga birnin lafiya. Da asiri ya tonu cewa Nasara ne, ba don Shehu Ahmadu Bakkayi ya tsaya masa ba da an hallaka shi, watakila har da barorinsa. Sun fi wata bakwai a can cikin zaman ɗar-ɗar. A 1854 suka juyo, suka sake ratsa Zamfara zuwa Kano, suka koma Kukawa a ƙarshen shekara.

Tafiyar da ta fi kowace nauyi ga Dorugu ita ce wadda suka fara a watan Mayu na 1855, daga Kukawa zuwa arewa ta Bilma. Wannan ita ce hanyar bayi. Ta nan ake kora yara irinsa a ƙasa zuwa Fezzan, a sayar da su a Murzuk ko Tarabulus, waɗansu a haye teku da su har Santambul, su ƙare kwanakinsu a gidajen Turkawa ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Matafiyan da suka bi hanyar sun ba da labarin ƙasusuwan waɗanda ƙishirwa ta kashe, a warwatse a bakin rijiyoyi. Da Tabib bai fanshe shi ba, mai yiwuwa ne da igiya a wuya zai bi ta. Sai ga shi ya bi ta yana ɗa. Suka iso Murzuk, wadda ke hannun Turkawa tun 1842, akwai sojansu da hakiminsu. Tarabulus kuwa tun 1835 Daular Usmaniyya ta mai da ita ƙarƙashin mulkinta kai tsaye, kuma a daidai shekarar da suka iso, Larabawan duwatsu a ƙarƙashin Shehu Guma suna tawaye, hanya ba ta da kyau. Suka shiga Tarabulus a ƙarshen watan Agusta. Bayan 'yan kwanaki suka shiga jirgin ruwan Turkawa wanda ya kawo sojoji, ya kai su tsibirin Malta. Shekara biyu bayan haka, a 1857, Sarkin Santambul ya ba da umurnin hana fataucin baƙaƙen bayi a daularsa, ko da yake an daɗe ana yi a ɓoye.

Daga Malta suka bi ta Faransa, suka sauka Landan ran 6 ga watan Satumba 1855. Barth ya kai yaran Jamus suka ga danginsa a Hambog, sa'an nan aka shirya mai da su gida. Amma wani limamin Kirista, shi ma Bajamushe, mai suna J. F. Schon, wanda ya biyo jirgin binciken Kwara a 1841 ya kuma fara nazarin Hausa tun daga lokacin, ya roƙa a bar masa su. Wannan ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth, amma dai yaran suka zauna. Aka yi musu baftisma, Dorugu ya sami sunan James Henry. Abbega ya koma gida a 1857, daga baya har ya yi sarauta a Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna Ingila har 1864.

A cikin waɗannan shekaru ne ya yi aikin da ya sa ya cancanci a tuna da shi. Yana faɗi, Schon yana rubutawa da boko: labarin ƙuruciyarsa, da kamunsa, da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyin da ya ji a ƙauyensu. Barth ya cika littafi biyar da sunayen garuruwa da nisan zango da asalin sarakuna, aiki ne kuwa babba wanda har gobe masana ke komawa gare shi. Dorugu abin da ya riƙe daban ne. Shi ya lura da abin da aka ci da inda aka kwana, da wanda ya yi musu alheri da wanda ya cuce su. Da ya zo kan Turawa ma bai sake hali ba, ya dube su kamar yadda suke duban mutanen Sudan, ya bayyana yadda suke zaman cin abinci da yadda matansu ke ado, filla-filla, da idon baƙo wanda bai ɗauki al'adarsu dole ba. Hausar da ya yi magana da ita ta Damagaram ce ta tsakiyar ƙarni na goma sha tara, saboda haka masu nazarin harshe suna samun abin da ba su samu a wani wuri.

Schon ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu yake. Jami'ar Okusfod ta ba Schon digirin girmamawa a 1884. Mutumin da aka ɗebo yawancin Hausar daga bakinsa kuwa an fitar da labarinsa da Turanci a 1971, sa'ad da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara shi suka yi masa sharhi.

Bayan dawowarsa ya yi shekaru yana aikin tafinta ga Turawa iri iri. Da tsufa ya zo masa sai ya sami wurin zama a Nasarawa ta Kano, inda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Tsohon da ya koyi karatu a Ingila tun kafin a haifi Ɗan Hausa ya shiga cikin masu koyar da 'yan makaranta na fari. Ya rasu a can a 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Da aka buɗe kayansa sai aka tarar da tarin tabarau waɗanda Turawa suka yi ta ba shi kyauta, da kuɗin albashinsa a ajiye bai kashe ba.