Colin Chapman: daga motar da ta yi kwantai zuwa Formula 1

A nan Garwa, idan tsohuwar mota ta rasa mai saye, mun san makomarta: a cire abin cirewa, saura a auna wa masu sayen tsohon ƙarfe. A ƙarshen 1947 wani ɗalibin jami'a a Landan ya tsinci kansa da irin wannan mota. Shi da abokinsa suna ɗan sayar da motoci na hannu don samun na kashewa, sai gwamnatin Birtaniya ta janye rabon fetur da take ba masu motocin gida, kasuwa ta mutu. Wata Austin 7 ƙirar 1930 ta yi masa kwantai. Sai ya ja ta zuwa garejin da ke bayan gidan iyayen budurwarsa Hazel Williams, ya kwance ta, ya sake ƙera ta. Wannan ce motar farko da aka kira Lotus.

An haifi Colin Chapman ranar 19 ga Mayu, 1928, a Richmond kusa da Landan. Mahaifinsa yana riƙe da wani otel a unguwar Hornsey. A 1945 ya shiga University College London, yana karanta injiniyancin gine-gine, wato lissafin yadda ƙarfe da ginshiƙi ke ɗaukar nauyi. A lokacin kuma ya shiga ƙungiyar ɗaliban jami'a masu koyon tuƙin jirgin sama. Ba wani gwanin zama a aji ba ne fa. Ya bar jami'a a 1948 ba tare da digiri ba, sai a 1949 da ya sake zama jarrabawar lissafi sannan ya samu. Amma abu biyu sun zauna masa a kai: lissafin nauyi daga aji, da ganin yadda ake ƙera jirgi ba nauyi kuma ga ƙarfi.

Makarantarsa ta biyu wata ƙungiya ce ta masu ƙaramin ƙarfi mai suna 750 Motor Club, wadda aka kafa a 1939. Dokar tserensu ita ce kowa ya ƙera motarsa daga Austin 7. Tun da injin kowa kusan iri ɗaya ne, kuɗi ba sa sayen nasara, sai dai dabara. A 1951 Chapman da wasu 'yan'uwa biyu, Michael da Nigel Allen, suka fito da Lotus ta uku. Ya gyara hanyar da iska da fetur ke bi su shiga injin, motar ta riƙa lashe tsere har sai da ƙungiyar ta sauya doka. Daga wannan ƙungiya ce kuma Eric Broadley, wanda ya kafa kamfanin motocin tsere na Lola, ya fito.

A farkon 1952 ya kafa kamfanin Lotus a tsohon bargar dawakin da ke bayan otel ɗin mahaifinsa, da rancen fam 25 daga Hazel, wadda ya aura a 1954. Da rana yana aiki a kamfanin British Aluminium, da dare yana walda. Aƙidarsa ita ce rage nauyi. Dalilin kuwa duk ɗan acaba ya san shi: babur da fasinja ɗaya ya fi babur da fasinja uku saurin tashi, ya fi saurin tsayawa, ya fi sauƙin shan kwana, ga shi bai shan mai sosai. Inji iri ɗaya, aiki daban.

Lotus ta shiga Formula 1 a 1958. A 1962 Chapman ya kawo Lotus 25. Kafin ita, ana haɗa ƙashin motar tsere ne da bututun ƙarfe kamar keji. Shi kuwa ya naɗe fallayen alminiyam ya yi wani abu kamar kwalekwalen da muke gani a Binuwai, direba yana kishingiɗe a ciki, jikin motar da kansa shi ne ƙashinta. Ta fi na da rashin nauyi, ta kuma fi su ƙin murɗewa a kwana. Da ita Jim Clark, manomi ɗan Sikotlan, ya ci tsere 7 cikin 10 a 1963 ya zama zakaran duniya. A 1965 ya sake zama zakara, ya kuma lashe tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka, karo na farko da mota mai inji a baya ta ci wannan tsere. A 1967, a Lotus 49, injin da kansa ya zama ɓangaren ƙashin mota. A 1977 da 1978 kuma suka siffanta ƙarƙashin mota kamar fiffiken jirgi a kife, yadda iska za ta riƙa manna ta da kwalta. An yi gwajin wannan dabara a ɗakin gwajin iska na jami'ar Imperial College. Kafin rasuwarsa, Lotus ta ci kambun masu ƙera motoci sau 7, na direbobi sau 6.

Garejin nasa ma ya koma makaranta. Graham Hill ya fara ne a matsayin makaniki a Lotus, ya zo ya zama zakaran duniya da motar kamfanin a 1968. Mike Costin da Keith Duckworth sun yi aiki a wurinsa kafin su kafa Cosworth a 1958, kuma injinsu ne ya mamaye Formula 1 shekara da shekaru.

To amma labarin yana da ɗaci, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba. Motocin Chapman sun yi suna wajen gudu, sun kuma yi suna wajen karyewa. A 1969 a Basalona, dogayen fikafikan motocin Hill da Jochen Rindt suka karye a tsere ɗaya, dukansu suka yi haɗari. Rindt ya rubuta masa wasiƙa yana roƙon a ƙara wa motocin ƙwari. Ranar 5 ga Satumba, 1970, Rindt ya mutu a Monza ta Italiya cikin Lotus, an fi zaton sandar birkin gaba ce ta tsinke. An gurfanar da Chapman a Italiya, daga baya aka wanke shi. Kafin nan, ranar 7 ga Afrilu, 1968, Clark ya mutu a Hockenheim ta Jamus, ana zaton tayar baya ce ta sace. Wannan mutuwa ta girgiza Chapman ƙwarai, don Clark amininsa ne.

Sai kuma maganar kuɗi. Lotus ce ta yi aikin injiniya na motar DeLorean, wadda gwamnatin Birtaniya ta zuba wa kuɗi don samar da aikin yi a Ayalan ta Arewa. Miliyoyi suka yi ɓatan dabo. Chapman ya mutu da bugun zuciya ranar 16 ga Disamba, 1982, yana ɗan shekara 54, kafin a kai ga shari'a. A 1992 aka ɗaure mai kula da kuɗin kamfanin, Fred Bushell, shekara 3, alƙali kuma ya nuna cewa da Chapman na raye, da ɗaurinsa bai gaza shekara 10 ba.

Hanyar da ya bi shi kaɗai, yau jami'o'i sun mai da ita tsari. An fara gasar Formula SAE a jihar Texas ta Amurka a 1981, Birtaniya ta fara tata, Formula Student, a 1998. Ɗalibai ne ke zana ƙaramar motar tsere, su ƙera ta, su kare lissafinsu da kuɗin da suka kashe a gaban alƙalai injiniyoyi, sannan motar ta yi gudun juriya na kilomita 22. Ana taƙaita iskar da ke shiga inji, don dabara ta yi aiki kamar a zamanin Austin 7. Kamfanonin tsere suna ɗibar ma'aikata daga nan, don sun san yaron ya taɓa ganin abin da ya zana ya karye a hannunsa. An kuma cike giɓin da Chapman ya bari: mota ba ta taka fili sai an duba birki da ƙashinta, sai kuma direba ya nuna zai iya fita cikin daƙiƙa 5.

Mu a arewacin Kamaru, kayan haɗin suna nan a warwatse. Akwai babbar makarantar injiniya ta Jami'ar Marwa, akwai IUT a Ngaundere, ga Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. A ɗaya gefen kuma ga yaran gareji da ke kwance injin babur su mayar ido rufe, amma ba wanda ya taɓa nuna musu lissafin abin da hannunsu ke yi. A ajina ma akwai yaran da ke ƙera motar kara da ta gwangwani, har da sitiyari, kuma su ne sukan fi jin tsoron lissafi. Ba sai muna da filin tsere ba. Injin babur guda, bututun ƙarfe, injin walda, malami ɗaya, ogan gareji ɗaya, da doka mai tsauri a kan birki da tsaron direba, sun isa ɗalibai goma su yi shekara guda suna koyon abin da allo ba ya koyarwa. Chapman ma ai da motar da kowa ya ƙi saye ya fara.