Sarkin Gwari Abdu, sarkin Daura da ya rasu a Yekuwa

Wanda duk ke son sanin asalin sarautar ƙasar Magariya, sai ya fara da tarihin Sarkin Gwari Abdu. Shi ne sarkin Daura lokacin da jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ya tashi. Wajen shekara ta 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin Daura, Abdu ya fita da iyalinsa da fadawansa da talakawan da suka ƙi rabuwa da shi.

Ya yi shekaru yana gudun hijira daga wannan gari zuwa wancan, yana neman hanyar komawa gadon kakanninsa, Allah bai nufa ba. Daga baya ya zauna a Yekuwa, cikin gundumar Magariya ta yanzu, can ya rasu wajen 1825.

Sarautar ba ta mutu da shi ba. Ɗan'uwansa Lukudi ya gaje shi, kuma daga gidan nan aka samu sarakunan Zango da na Baure, da Masallaci wanda ya kafa Magariya. Ƙasashen nan suka shiga ƙarƙashin Damagaram.

Da Turawa suka zo, Ingilishi suka maida Malam Musa, ɗan gidan, bisa gadon Daura. Amma iyakar da suka shata da Faransawa ta raba ƴan'uwa: Zango da Baure a Nijeriya, Yekuwa da Magariya a Nijar. Zumunci kuwa bai yanke ba har yau.