Alexander Cruden, Mai Jera Kalmomin Littafi Mai Tsarki

'Yan'uwa, sau da yawa mukan tuna da kalma guda ta wata aya, amma mu rasa inda ayar take. Wannan wahala ce Alexander Cruden ya ɗaura niyyar kawar mana.

An haife shi a Abadin ta ƙasar Sikotilan cikin shekara ta 1699. Ya zauna a Landan, yana gyaran kuskuren ɗab'i, yana kuwa sayar da littattafai. Shi kaɗai ya bi Littafi Mai Tsarki na Turanci, ya jera kalmominsa bisa ga abacada, kowace kalma da ayoyin da take ciki. Aka buga littafin a 1737. Ya miƙa shi ga Sarauniya Karolin, yana sa zuciya ga taimakonta, amma bayan 'yan kwanaki ta rasu. Bashi ya yi masa yawa, aka kuma kulle shi a gidan mahaukata a 1738. Duk da haka bai fid da zuciya ba. Ya ƙara gyara aikin, aka sake bugawa a 1761 da 1769. A 1770 aka iske shi ya rasu a ɗakinsa, a durƙushe wurin addu'a.

A 1890 James Strong ya ƙara a kan wannan aiki, ya ba kowace kalmar Ibrananci da Helenanci lamba. Da lambobin nan manhajojin kwamfuta da na waya suke nuna mana asalin kalma yau.

Abin da ya ci ƙarfin Cruden, mu muna samunsa nan da nan. Kada sauƙin nan ya sa mu ragwanci wajen binciken Maganar Allah.