Imam Al-Mawardi, Alƙalin da Ya Ƙi Bin Son Zuciyar Sarki

An haifi Abul Hasan Al-Mawardi a Basra cikin shekara ta 364 bayan Hijira. Malamin mazhabar Shafi'iyya ne, ya yi alƙalanci a garuruwa da dama kafin ya zauna Bagadaza.

Littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya babi 20 ne, a kan naɗin shugaba, jagorancin yaƙi, alƙalanci da sauraren kukan wanda aka zalunta. Abin da muka fi so ku lura da shi: ya ɗora sharuɗɗa uku a wuyan masu zaɓen shugaba su kansu, wato adalci, sanin wanda ya cancanta, da hangen nesa.

A shekara ta 429, Sarki Jalalud Daula ya nemi a kira shi Sarkin Sarakuna. Wasu malamai suka halatta masa. Al-Mawardi, wanda yake na kusa da shi ƙwarai, ya ƙi yarda, ya shige gida cikin fargaba tun azumi har babbar salla. Da sarkin ya kirawo shi, sai ya ƙara girmama shi saboda ya fifita addini bisa abota.

Ya rasu a Bagadaza a shekara ta 450 (1058 Miladiyya). Allah ya jiƙan shi, amin.