Baba ta Karo, Gwanar Ba da Labari

An haifi Baba wajen ƙarshen ƙarni na 19 a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa ta ƙasar Kano, wadda a yau take cikin Rogo. Asalin zuriyarsu Barebari ne, manoma masu rinji. Ta tashi a zamanin hare-hare, lokacin da akan sace mace a hanya, sai dangi sun tara kuɗin fansa. A idonta Turawa suka zo, bayin rinjinsu da dama suka watse.

Ta yi aure huɗu. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta kuma yi ungozoma.

A Giwa ta ƙasar Zazzau, tsakanin 1949 da 1950, ta riƙa zama da wata Baturiya, Mary Smith, tana ba da labari, ita kuwa tana rubutawa da Hausa. Abin da marubuta tarihin sarakuna suka tsallake, shi ta fi daɗewa a kai: kishi, ƙawance, yaji, bori da zaman gidan miji. Littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954. Baba ba ta gan shi ba, domin Allah ya yi mata rasuwa a 1951.