Labarin Don Bosko, Malamin Da Ya Aje Bulala

Cikin mutanen da suka yi suna wajen renon 'yan makaranta a ƙasashen Turai akwai wani limamin Kirista, na ɗarikar Katolika, sunansa Yohanna Bosko. Mutanen ƙasarsa su kan ce da shi Don Bosko, gama Don laƙabi ne da su ke sa wa limamansu. Mun ga ya kamata mu ba da labarinsa a nan, don abin da ya dame shi shi ne ke damun kowane malami da aka danƙa wa 'ya'yan mutane su kwana su tashi a hannunsa, watau yadda za a riƙe yara masu yawa cikin ladabi ba tare da an kashe musu zuciya ba.

An haife shi ran 16 ga Agusta 1815 a wani ɗan ƙauye mai suna Bekki, a arewacin Italiya. Iyayensa talakawa ne, manoma. Bai cika shekara biyu ba ubansa ya rasu, ya bar uwarsa Margarita da yara uku. Babban wansa, wanda su ke uba ɗaya, ya ƙi jinin karatu, a ganinsa ɗan manomi ba ruwansa da littafi. Da rikici ya yi yawa a gida sai uwar ta sallami Yohanna, yana da wajen shekara 12, ya tafi barantaka a gonar waɗansu mutane. Sai cikin 1831 ya sami shiga makarantar garin Kiyeri. A shekarun karatunsa ya yi aiki wurin tela, da maƙeri, da mai sayar da gahawa, don ya sami na abinci. Tun yana ƙarami kuma ya koyi dabo da tafiya bisa igiya daga masu wasa a kasuwanni, da su ya kan tara yara ya yi musu gargaɗi. Duk waɗannan sun yi masa rana daga baya.

Aka naɗa shi limami cikin 1841 a birnin Turin. A lokacin nan birnin na ta bunƙasa, yaran ƙauye na ta kwararowa neman aikin lebura wurin magina, ba su da masauki, ba su da mai tsawata musu. Malaminsa, Yusufu Kafasso, ya riƙa tafiya da shi gidajen yari. Can ya ga samari daga shekara 12 zuwa 18, lafiyayyu masu basira, suna zaune ba aikin fari ba na baƙi, ga yunwa, ga ƙwarƙwata. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, da yawa cikinsu in an sake su ba su daɗewa sai a komo da su, don ba wanda ya tarbe su a waje. Ya ƙudura a ransa shi zai zama mai tarbar nan, in ya yiwu ma tun kafin yaro ya kai ga gidan yari.

Bisa ga yadda shi da kansa ya ba da labari, ran 8 ga Disamba na wannan shekara ya tarad da mai tsaron majami'a yana dūkan wani yaro maraya, ɗan aikin gini. Ya hana shi, ya kira yaron ya zauna da shi, ya fara koya masa. Ran Lahadi yaron ya zo da 'yan'uwansa. Ana nan ana nan, har suka zama ɗaruruwa, su yi wasa, su yi addu'a, su koyi karatu. Ko ina suka sauka sai maƙwabta su kore su saboda hayaniya, sai cikin 1846 ya sami hayar wata rumfa a unguwar Baldokko, a gefen birni, nan ya kafu. A shekarar nan uwarsa ta baro ƙauye ta zo ta zama uwar gidan, tana dafa wa yaran abinci, tana ɗinke musu tsumma, har ta rasu cikin 1856. Yaron farko da ya kwana a gidan, cikin 1847, wani maraya ne da ruwan sama ya jiƙe ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare.

Waɗanda ke koyon sana'a a gari, ya kan bi su wurin iyayen gidansu. Akwai takardun alkawari na 1851 da 1852 da ya sa hannu a kai, inda maigida ya yarda ba zai sa yaro wani aiki ba sai na sana'ar, ba zai doke shi ba, zai ba shi hutu da lada. Daga 1853 ya buɗe ɗakunan koyon ɗinkin takalma da na tufafi cikin gidan, daga baya aka ƙara ɗaurin littattafai, da sassaƙa, da ɗab'i, da ƙira. Daga 1855 kuma ya fara azuzuwan sakandare, gidan ya zama babbar makarantar kwana.

To, a nan ne za mu dubi yadda ya riƙe su. Ya ce hanyoyin horo biyu ne. Ta farko, a karanta wa yara doka, malami ya ja da baya yana jira, wanda ya keta a hukunta shi. Ta biyu, wadda ya zaɓa, ita ce ta riga-kafi, wanda kowa ya sani ya fi magani. A sanad da yara doka su gane dalilinta, sa'an nan malami ya kasance tare da su kullum, a aji, a ɗakin cin abinci, a ɗakin kwana, musamman a filin wasa, kamar uba cikin 'ya'yansa, har ya zama laifi bai sami ƙofar shiga ba. Ya aza wannan hanya bisa ginshiƙai uku: hankali, da addini, da ƙauna wadda yaro zai gani da idonsa. Ya yarda yara su yi gudu da tsalle da ihu iyakar son ransu, ya sa musu kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo, da kaka kuma ya kan fita da su yawo ƙauyuka kwana da kwanaki. Kowane dare kafin barci shugaba ya kan yi musu 'yar magana, ba ta wuce minti biyu ko uku, a kan abin da ya faru a yinin nan. Dūka, da jan kunne, da sa yaro durƙuso mai ciwo, duk ya hana, don suna zub da girman malami. In za a yi wa yaro faɗa a keɓe shi, ban da gaban jama'a. A wurin yaron da ya san ana ƙaunarsa, ɗaure fuskar malami kaɗai horo ne. Amma wanda ya nace ga ɓata 'yan'uwansa, a kan sallame shi.

Yara biyu za su nuna mana yadda idonsa ya ke. Na farko Mikele Magone, wani shugaban 'yan ƙiriniya da ya gamu da shi a tashar jirgin ƙasa ta Karmanyola cikin 1857. Da ya zo makaranta sai aka haɗa shi da wani yaro natsattse ya zama abokinsa. Bayan kamar wata guda Magone ya bar wasa, ya kan raɓe a lungu yana kuka. Don Bosko ya lura, ya kira shi a keɓe, ya lallashe shi har ya faɗi abin da ke cin ransa, watau laifofinsa na baya, ya sami sauƙi ya koma cikin 'yan'uwansa. Na biyu Dominiko Sabiyo, yaro mai tsananin ibada, wanda ya so ya riƙa azumi da kwana ba bargo cikin sanyi. Shi kuwa hana shi aka yi, aka umurce shi ya ci, ya lulluɓa, ya yi wasa. Ashe mai ƙiriniya da salihi duk suna bukatar a dube su.

Cikin 1859 ya kafa ƙungiyar malamai da a ke kira Salesiyan, yawancinsu yaran da ya rena ne. Cikin 1863 ya buɗe makarantarsa ta farko a wajen Turin, a garin Mirabello, ya sa almajirinsa Mikele Ruwa, ɗan shekara 26, ya shugabance ta, ya yi masa wasiyya ya nemi yara su so shi, ya kuma riƙa zama da su lokacin hutu. Cikin 1872, tare da Mariya Mazarello, ya kafa ƙungiyar mata don renon 'yam mata. Cikin 1875 mutanensa suka ƙetare teku zuwa Ajantina. Cikin 1877 ya rubuta ɗan littafi a kan hanyar tasa.

Amma yawa ya zo da illarsa. Da makarantu suka girma, aka sami tsari da ƙararrawa da jarrabawa, sai malamai suka fara janyewa. Cikin Mayu 1884, yana Roma, ga tsufa ga ciwo, ya sa aka rubuta wa mutanen Baldokko wasiƙa mai ban tausayi. Ya kwatanta filin wasa na dā, inda malamai ke gudu tare da yara, da na lokacin, inda su ke tsaye gefe suna taɗi da junansu, yara kuwa sun yi gungu gungu suna raɗa, suna kallonsu a kaikaice. Ya san malaman nan suna wahala saboda yaran dare da rana, amma ya nuna musu wahalar ba ta isa ba in yaran ba su gane ana sonsu ba, ba kuwa za su gane ba sai malami ya so abin da su ke so.

Ya rasu a Turin ran 31 ga Janairu 1888, yana da shekara 72. Cikin 1934 Paparoma Piyus na 11 ya sa shi cikin waliyyan Katolika. Mutanen ƙungiyarsa sun iso Nijeriya cikin 1982.

Mu da ke shirin riƙon aji, wasiƙar nan ta 1884 ita ce ta fi cancanta mu yi tunani a kai. In har a gidan Don Bosko, yana da rai, malamai sun iya nisa da yara, to, ina ga wata makaranta? Bulala ba ta da wuyar ɗauka, kowa ya iya. Abin da ke da wuya shi ne malami ya taso daga aji a gajiye ya nufi fili, ya san sunan kowane yaro, ya gane wanda ya yi shiru yau alhali jiya shi ne mai surutu. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarar ya matso kusa.