Leo Fender: mai gyaran rediyon da ya sauya sautin jita, alhali bai iya kaɗa ta ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen biki a Legas ko Ibadan ya ji jitar lantarki tana kuka, ta bes kuma tana dukan ƙirji, to da wuya a ce bai ji aikin hannun Leo Fender ba, ko na masu kwaikwayonsa. Abin mamaki, mutumin nan bai taɓa iya kaɗa jita ba. Sana'arsa ta asali gyaran rediyo ce.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agusta 1909 a kusa da Anaheim, jihar Kalifoniya ta Amurka, iyayensa manoman lemo ne. Yana ɗan shekara 8 ciwo ya cinye masa ido ɗaya. A makaranta lissafin kuɗi ya karanta, ya kuma yi aikin akanta, amma zuciyarsa tana wajen wayoyi da kayan rediyo. Lokacin karayar tattalin arziƙin Amurka sai aikin ya kuɓuce masa. A 1938 ya ranto dala 600 ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton.

A nan ne makaɗa suka fara kawo masa amfilifaya da jitocinsu. Matsalarsu ɗaya ce: jita mai rami a ciki, da zarar an ƙara mata murya sai lasifika ta kama ƙara mai tsinka kunne. Leo ya lura cewa sirrin yana wajen na'urar ɗaukar sauti, wadda ke zaune ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ba wani abu ba ce illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai a samu ɗan lantarki a wayar, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. Ke nan ba a buƙatar rami ko kaɗan. Guntun katako mai tauri ya isa, kuma ƙarar nan za ta ragu ƙwarai.

Ya fara da abokinsa Doc Kauffman, amma a 1946 Kauffman ya janye don yana tsoron hasara. Leo ya ci gaba shi kaɗai, ya sa wa kamfanin sunansa. A 1950 ya fito da jitar da aka fara kira Broadcaster, sai kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi cewa sunan ya yi kama da na gangunansa, aka mayar da ita Telecaster a 1951. Masu tsohuwar sana'ar sun yi ta mata dariya, wai filafilin tuƙa kwalekwale ce aka ɗaura wa waya.

To amma tunanin mai gyara daban yake. Wuyan jitar ba manna shi ya yi da gam ba, ɗaure shi ya yi da noti huɗu, ta yadda idan ya lalace sai a kwance a sa wani. Na'urar da ke kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa, ya karkata ta don siraran tsirkiyoyi su fito da kaifi, masu kauri kuma su riƙe nauyinsu. Komai na jikinta mutum na iya cirewa da sukundireba. Wannan ne ya buɗe wa makaɗa ƙofar sauya kayan jitarsu da kansu har yau.

A 1951 ɗin dai ya fito da Precision Bass, wadda ta hutar da makaɗa ɗaukar ƙatuwar bes mai tsayin mutum. A 1954 kuma sai Stratocaster, mai na'urorin ɗaukar sauti uku, kuma kowace tsirkiya da nata wurin saiti a jikin jaki. Makunninta matsayi uku gare shi, amma makaɗa suka gano cewa idan aka maƙale shi a tsakani, na'urori biyu za su yi aiki tare su ba da wani sauti na daban. Sai a 1977 kamfanin ya bi su, ya sa makunni mai matsayi biyar. Irin wannan jitar ce Jimi Hendrix, da yake bahago ne, ya juya ta yana kaɗawa.

Na'urar Leo tana da aibinta, domin tana jawo gurnanin wutar lantarki. Seth Lover na kamfanin Gibson ne ya magance wannan da naɗi biyu masu kashe gurnanin juna, sai dai sautin ya fi kauri. Har gobe makaɗa sun kasu biyu a kan wanne ya fi daɗi.

Rashin lafiya ya sa Leo ya sayar wa CBS kamfaninsa a 1965 a kan dala miliyan 13, har da sunansa. Da ya samu sauƙi kuma wa'adin hana shi gogayya ya cika, sai ya dawo ta kamfanin Music Man, inda bes ɗin StingRay ta fito a 1976 da batir a cikinta don sarrafa sauti. Daga baya shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa G&L, ya ƙera sabuwar na'urar da ake iya ɗaga ko sauke ƙarfen da ke ƙarƙashin kowace tsirkiya.

Cutar karkarwa ta Fakinson ta kama shi a ƙarshen rayuwa, amma bai daina zuwa teburin aikinsa ba. Ya rasu a Fullerton ranar 21 ga Maris 1991, yana da shekara 81. Shekara guda bayan haka aka sa sunansa a zauren karrama gwarazan kiɗan rok na Amurka, a jere da makaɗan da suka yi suna da jitocinsa.